Zauren Anti Rabi: Ciwon da ba ya fitar da jini

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Da na zauna tace wasiƙun wannan watan sai na ga guda huɗu da suka zo daga unguwanni daban-daban na Legas amma kamar daga gida ɗaya aka rubuto su, akwai mai jego, akwai uban saurayi, akwai ɗan ci-rani, akwai mai jinyar tsohuwa, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Kamar kullum na cire sunaye. Kuma ina ƙara tunatarwa, ni nas ce da ta daɗe a ɗakin masu lalurar ƙwaƙwalwa, abin da zan faɗa a nan shawara ce ta nuna hanya, ganin likita ido da ido yana nan a matsayinsa.

TAMBAYA TA FARKO

Anti Rabi sannu da aiki, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 21, daga wani ƙauye kusa da Funtuwa aka kawo ni Legas bayan biki, muna zaune a Idi-Araba ɗaki ɗaya, maigidana gadi yake yi da daddare. Wata biyu kenan da na haihu, haihuwar fari, kuma ban je goyon ciki gida ba saboda kuɗin mota, Innata ma bata samu zuwa ba, ƙanwar maigidan ce ta zo tayi kwana goma ta koma. Anti wallahi tun bayan suna ban san daɗin barci ba, ko yaron yayi barci ni idona biyu, kuka nake yi ba gaira ba dalili, abinci in na sa a baki kamar ƙasa, kuma abin da yafi ɗaga min hankali in na kalli yaron bana jin komai a raina, wani lokacin har sai inji dama ban haife shi ba, sai kuma in kama istigfari ina cewa ni wace irin uwa ce. Maƙociyata tace iska ce ta shige ni wajen wankan asuba a banɗakin tsakar gida, maigidan ya karɓo rubutu da hayaƙi ina ta yi amma shiru. Anti hauka zan yi ne?
Daga 'yarki a Idi-Araba

AMSA

'Yata, fara share hawayenki. Ba hauka za ki yi ba, kuma ke ba muguwar uwa bace, muguwar uwa bata tashi tsakar dare tana istigfari saboda tsoron ta gaza wa ɗanta. Abin da kika zayyana, kusan kalma da kalma, shine abin da muke kira ciwon damuwa na bayan haihuwa, na gan shi a mata ba adadi kuma na ga sun warke sun goya 'ya'yansu har sun aurar.

Bari in bambance miki abu biyu. Akwai ɗan kukan nan da saurin fushi da yake zuwa wa mata da yawa kwana uku zuwa huɗu bayan haihuwa, lokacin da sinadaran jikin da suka ɗauki ciki suke sauka gaba ɗaya, wannan shi kaɗai yake wucewa, baya haura sati biyu. Amma in aka wuce sati biyu ana kuka, ba barci, ba cin abinci, ba a jin daɗin komai, ana ta zargin kai, to an shiga ciwo kenan, irin wanda ake nema wa magani kamar hawan jini ko suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mata 13 cikin 100 ne ke shiga lalurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, yawanci wannan damuwar, a ƙasashe masu tasowa irin namu kuwa abin ya kusa 20 cikin 100. Kinga kenan a layin rigakafin da kike bi, in kin ƙirga mata goma, da wuya ace ke kaɗai ce, kowa dai ta ja bakinta ta yi shiru ne.

Yanzu ki tsaya ki duba abin da kika rasa, don in kin gane shi za ki daina ɗora wa kanki laifi. Da a gida kika haihu, da kwana arba'in ɗin nan ba ki ɗora tukunya ba, ba ki wanke ko tsumma ba, Inna ce za ta karɓi yaro in ya yi kuka ta ce kwanta ki huta, goggo ta shigo, ƙawaye su shigo barka, ana hira ana tsokanarki ana tura miki kunu da gasasshen nama. Mutane suna ɗauka ruwan zafi da ganyen darbejiya ne maganin jego, ni kuwa a aikina na fahimci maganin na gaskiya shine hannayen nan da yawa da suke kewaye da mai jego. (Hasali ma shi kunun kanwa da ake durawa da yawa da kwanciya kan gadon wuta, tun tuni likitoci a Zariya suka alaƙanta su da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wannan ɓangaren ba ki yi asarar komai ba.) To ke an ɗauke ki daga wannan gida mai cike da mutane an ajiye ki a ɗaki ɗaya, miji baya kwana a gida, da rana kuma dole ya yi barci, maƙwabta kowa da harshensa da sabgarsa, janareto na kuka yaro na kuka, ki faɗa min wace zuciya ce ba za ta yi nauyi ba?

Ga abin da nake so ki yi, kuma cikin satin nan ba sai an jima ba. Rigakafin yaro na sati 10 ya kusa ko ma ya yi, in kin je asibitin kada ki tsaya a kan awon yaro kawai, ki ce wa nas ɗin kina son magana da ita a gefe, ki faɗa mata abin da kika faɗa min ba ragi, in Turanci ko Yarbanci ne matsalar ki tafi da wata da kika yarda da ita ta yi miki tafinta, kada kunya ta sa ki ce "ciwon kai ne" a ba ki farasitamol ki dawo. Ki roƙa a duba jininki ko ya yi ƙasa, a duba hawan jini, don su ma suna kawo kasala da faɗuwar gaba. Kuma Allah ya taimake ki, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas wato LUTH a unguwarku yake, suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Wasu matan hira da ƙwararre da samun barci kawai ke ɗaga su, wasu sai an haɗa da ƙwaya, kuma akwai magungunan da ake sha ana shayarwa lafiya lau, likita ya san su. Sai dai ki sani maganin baya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin ki fara jin sauƙi, kuma in sauƙin ya zo ba a yankewa kai tsaye sai da izinin likita, nan ne mata da yawa suke kuskure ciwon ya dawo.

Maganar rubutu da addu'a, ni ba zan taɓa ce miki ki bari ba, ki yi azkar ɗinki ki yi tofi ki roƙi Allah, Annabi (SAW) da kansa ya faɗa cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, neman maganin kuwa a asibiti baya rage wa mutum imani. Amma hayaƙin nan a ɗaki ɗaya a rufe da jaririn wata biyu, dan Allah a daina, ƙirjinsa ba zai ɗauka ba.

Ki karanta wa maigidanki wannan: Malam, matarka bata da lafiya, ba raini bane ba lalaci bane. In ka dawo da safe ka karɓi yaron ko na awa uku ne ta samu ta runtsa, ka sa mata kati ta kira Innarta kullum, ka nemo matan 'yan garinku ko na Islamiyyar unguwa ka ce su riƙa leƙo ta, in da hali a yi karo-karo a kawo Inna ko wata babba ta yi wata guda. Kuma ka sa ido: in ta fara jin muryoyin da ba kowa, ko ta kwana biyu uku ba barci tana surutai marasa kan gado, ko ta ambaci cutar da kanta ko yaron, wannan wani ciwon ne daban mai tsanani da yake samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, a ranar za a kai ta asibiti ba gobe ba, kada a bar ta ita kaɗai da yaron, lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Son ɗan nan da kike jin babu shi, yana nan 'yata, ciwon ne ya danne shi. Ki sake rubuto min bayan kin je.

TAMBAYA TA BIYU

Hajiya, ni ɗan kasuwa ne ina harkar albasa a Mile 12, shekara 24 ina Legas. Babban ɗana shekararsa 16, a nan aka haife shi. Da yaro ne mai fara'a da ƙoƙari a makaranta, amma kusan shekara guda kenan ya canza, baya magana, in ya shiga ɗaki sai waya, jarabawa ta lalace, sallah sai an yi faɗa, in na yi masa Hausa sai ya amsa min da Turancin buroka. Bara na kai shi gida Aliero hutu, sati ɗaya ya ce shi sai ya dawo. 'Yan uwa sun ce Legas ce ta lalata shi, in mayar da shi Arewa a sa shi gidan mari ya yi hankali. Me kika gani?
Alhaji, Mile 12

AMSA

Alhaji, Allah ya ƙara girma ya shirya mana zuri'a. Zan fara da inda ba zan yi kwana-kwana ba: kada ka kai shi gidan mari. Ka tuna abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga irin wannan gida, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, kuma yawancinsu iyayensu ne suka kai su da kyakkyawar niyya irin taka. Mari yana sa yaro ya yi shiru, amma abin da ke cin sa yana nan, sai ma ya ƙara da ƙin wanda ya kai shi.

Yaron da yake da fara'a da ƙoƙari sannan ya juye cikin shekara ɗaya, wani abu ne ya same shi, kuma shi ya kamata a nemo. Zai iya zama ciwon damuwa, don a matasa yakan zo da fushi da janye jiki fiye da kuka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin lalurorin ƙwaƙwalwa kafin shekara 14 suke farawa sai dai ba a lura. Zai iya zama cin zali a makaranta, zai iya zama abokai sun fara koya masa shaye-shaye, zai iya zama wani babba ya ci zarafinsa ya rasa wa zai faɗa wa. Ban san wanne bane daga nan, kai ma ba ka sani ba tukuna, shi ya sa hukunci bai taso ba.

Amma akwai abin da na sani don ni ma 'yar Agege ce, a nan aka yanke cibiyata. Yaranmu na nan suna ɗauke da kaya biyu. A makaranta da titi shi "aboki" ne, ana faɗa ana dariya, in rikici ya tashi kamar wanda kuka gani da idonku a Mile 12 a watan Maris na 2016 sai ya ji ana cewa su koma garinsu, alhali shi bai san wani gari ba sai wannan. Ya je Aliero kuma sai a ce ga Bayarabe ya zo, a yi ta kwaikwayon Hausarsa, ya kasa cin tuwo yadda suke ci a yi dariya. Yaron da aka yi wa dariya a harshen ubansa zai daina yin harshen, ba don ya raina ka ba. Hausawa sun fi shekara 100 a Agege tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, amma har yau jikokinsu ana tambayarsu yaushe za su koma, wannan abin yana ciwo ko da ba a faɗa.

Sai kuma maganar alkunya. Ɗan fari ne, na san ƙila ko sunansa ba ka kira, haka muka taso kuma ba laifi bane, amma a gida in uba ya yi kara akwai kawu akwai baffa akwai kaka da yaro zai je ya zauna kusa da shi ya amayar da cikinsa. A nan wa ya maye gurbinsu? Kai ka fita tun asuba ka tari mota, ka dawo dare a gajiye bayan gosulo. Dole ɗayan biyu, ko ka sassauta karar ka zama kai ne kawun, ko ka nemo masa wani babba mai hankali da yake sakin jiki da shi. In za ka yi magana da shi kada ka zaunar da shi gabanka kamar alƙali, ka ɗauke shi ku je kasuwa tare, ka ba shi lissafin buhuna ya riƙe, a hanya ka ba shi labarin yadda ka zo Legas da abin da ka sha, in ya amsa da buroka ka ƙyale shi, amsawar ce muke nema. Ka je makarantarsu ka ji ta bakin malaminsa, ka tambayi mahaifiyarsa don sau da yawa ta san abin da ba ka sani ba. In wata ɗaya ya wuce ba canji, ko ka ga alamar ƙwaya, ko baya barci, ko ya fara maganar mutuwa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da reshen yara da matasa a Oshodi, ku je tare. Arewa kuwa ka ci gaba da kai shi, amma da sallah, a matsayin ɗan gida da ya zo ganin dangi, kada ta zama wurin horo a idonsa.

TAMBAYA TA UKU

Anti ina wuni. Ni ɗan acaɓa ne a da, shekarata 27, an kama mashin ɗina bayan an hana mu aiki kuma na bashi ne ban gama biya ba. Yanzu dako nake yi da baro, ina kwana a shagon wani. Gida kullum waya, mahaifiyata da matata da ƙannena, kowa ya ɗauka ina Legas ina kwasar kuɗi. Na fara shan taramol don in iya aiki, da ɗaya ne yanzu sai na sha huɗu biyar, in ban sha ba jikina rawa yake. Wallahi Anti akwai daren da nake cewa in ban farka ba ma ya fi min.
Wani ƙaninki

AMSA

Ƙanina, layinka na ƙarshe shi na fi riƙewa, kuma na gode da ka iya faɗa. Zan tambaye ka kai tsaye yadda nake tambayar marasa lafiyata: tunanin ya tsaya a "da ban farka ba" ne, ko ka fara tunanin yadda za ka yi? In na biyun ne, yau ɗin nan ka faɗa wa mutum ɗaya, mai shagon ko limamin masallacinku ko abokin da kuka zo tare, ka ba shi ƙwayoyin da ke hannunka ya riƙe, kada ka kwana kai kaɗai, ya raka ka asibiti. Wannan tunanin alamar ciwo ce kamar yadda zazzaɓi yake alamar maleriya, yana zuwa yana kuma tafiya in an yi magani, ba shine gaskiyar rayuwarka ba.

Abin da ya same ka ba kai kaɗai ya samu ba. Ranar 1 ga Yuni 2022 da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, su Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da sauransu, samari masu yawa 'yan Arewa sun wayi gari ba sana'a ga bashi, wasu an murƙushe mashinansu suna kallo. Namijin da aka sani da aike gida ya wayi gari ba abin aikawa, ba aljihunsa kaɗai ke ciwo ba, har da mutuncin da yake ganin kansa da shi. Shaye-shayen ma haka, binciken da aka yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi amfani da ƙwaya a shekara guda, kuma da yawa ba don holewa suka fara ba, don aikin ƙarfi ne irin naka.

Taramol dangin magungunan kashe zafi ne masu kama jiki, shi ya sa ɗaya ta daina isarka, rawar jikin nan kuma jikin ne ke nema. Yawan da kake sha zai iya jawo farfaɗiya ko ya danne numfashi, kuma shi kansa yana ƙara duhun zuciyar da kake ji. Amma kada ka yanke shi dare ɗaya kai kaɗai, za ka wahala ka koma, a hankali ake saukewa a hannun likita. Ka je asibitin Yaba, suna da sashen masu shaye-shaye. Na san me za ka ce, "Yaba Left" wurin mahaukata, haka ake tsokana a garin nan. Asibitin tun 1907 yake, kuma gaskiya ne a da can wurin kulle mutane ne, amma yanzu mafi yawan masu zuwa kati suke yanka su ga likita su karɓi magani su hau danfo su koma aikinsu. Ko doka ma ta canza, a watan Janairu 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi haƙƙi da mutuncin mara lafiya.

Abu na ƙarshe mai wuya: ka faɗa wa mahaifiyarka gaskiya, ka ce mashin ya tafi, ka ce abin da za ka iya aikawa kaza ne a wata ba ƙari. Za ta yi kuka, amma na rantse maka ta fi son ɗanta da rai hannu wofi. In ma komawa gida da damina ka yi noma shine zai ba ka numfashi, ba faɗuwa bace, asibitocin ƙwaƙwalwa suna nan a Dawanau ta Kano da Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, sai ka ci gaba da magani a can.

TAMBAYA TA HUƊU

Anti, mahaifiyarmu 'yar Damagaram ce, ta zo Legas tana amarya, yanzu ta haura 75 muna Agege. Shekara biyu kenan tana mantuwa, ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, tana kirana da sunan yayarta da ta rasu, Yarbancin da ta iya kamar me duk ya gudu, kullum da la'asar sai ta ɗaure kaya wai za ta gida. Satin da ya wuce ta fita ba mu sani ba sai wajen Pen Cinema aka tsinto ta mutane sun fara taruwa a kanta. Ni kaɗai ce mace, na gaji har nakan yi mata tsawa in dawo ina kuka. Mu mayar da ita Damagaram ne?
'Yar Agege

AMSA

Ƙanwata, Allah ya ba ki ladan jinya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon mantuwa na tsufa, wanda muke cewa ruɗewa ko gigin tsufa mu wuce, alhali ciwo ne na ƙwaƙwalwa ba tsufan ne kawai ba, mutum sama da miliyan 55 ke ɗauke da shi a duniya. Sabon abu yake fara gogewa ya bar tsoho, shi ya sa Yarbancin da ta koya da girma ya tafi Hausar Damagaram ta zauna, kuma gidan da take ɗaure kaya za ta, gidan ƙuruciyarta ne mai iyayenta da yayarta a ciki, ko kin kai ta Damagaram ta yau ƙila da la'asar ta sake ɗaure kayan. Don haka tambayar ba gari bace, wa zai kula da ita a can? In akwai gida cike da mata da za su karɓa da hannu biyu, a duba. In ba kowa sai suna, sauya mata wuri zai ƙara ruɗa ta ne.

Ku fara kai ta asibiti, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas wato LASUTH da ke Ikeja ba shi da nisa da ku, a duba suga da hawan jini da fitsari da ido da kunne, don akwai abubuwan da ke ƙara ruɗewa kuma ana maganinsu, musamman in kin ga ta rikice farat ɗaya fiye da kullum, wannan sau da yawa wani ciwon ne ya shigo. Shi ciwon mantuwar kansa ba a kai ga maganin warkar da shi ba, amma ana rage wahalarsa sosai.

Taruwar nan da aka yi a kanta ita ta fi tsorata ni, kin san garin nan, tsohuwar da aka gani a ruɗe bata jin yaren mutane, kafin ki ce me wani ya ce mayya ce. Ki zagaya maƙwabta da masu shaguna da 'yan Keke Marwa (adaidaita sahu) na bakin layi ki nuna musu ita ki ce bata da lafiya, duk wanda ya gan ta ita kaɗai ya riƙe ta ya kira ki. In ta kira ki da sunan yayarta ki amsa, kada ki ce ai ta rasu, don kowane faɗi sabon mutuwa ne a wurinta. In ta ce ba a ba ta abinci ba ki miƙa mata ɗan wani abu ba musu. Da la'asar kafin ta fara ɗaure kaya ki ba ta aikin hannu, tsintar wake ko naɗe tsumma, ki kunna mata karatun Alƙur'ani ko ki ja ta da hirar Damagaram, in ta dage ki ce to Inna bari mu sha shayi tukuna mota bata zo ba.

Tsawar da kike yi gajiya ce, kuma ke ma kina bakin ciwo in ba a taimake ki ba. Ki tara 'yan uwanki maza ki gaya musu jinyar uwa ba a kan 'ya mace kaɗai take ba, kowa ya ɗauki rana ko ya biya wadda za ta zauna da ita, ki samu ko yini ɗaya a sati naki na kanki. Sannan yau kafin ki kwanta ki samo ƙyalle fari ki rubuta sunanta da unguwarku da lambar wayarki da ta wani ɗan uwanki, da Turanci yadda kowa zai iya karantawa, ki ɗinke a gefen mayafinta da kowane zanen da take ɗaurawa, ki sa ƙararrawa ko sakata ta sama a ƙofar gida, kuma ki ɗauke ta hoto a wayarki kowace safiya da kayan da ke jikinta.